Sawun Zabuwa Mai Ƙafa Ɗaya

Ina wanke motar Alhaji Abdulmutallib a bakin gareji da hantsi, sai Rabi mai dafa abinci ta fito tana tafa hannu tana salati. Bindigar gado ba ta nan. Ƙusoshi biyun da take rataye a kansu a ƙaramin falo suna nan, shatinta ma yana jikin bango inda fenti bai koɗe ba, amma ita babu.

Sunana Maman Lawali. Ni ne direban Alhaji tun kafin ya gina wannan gida na unguwar Zariya. Bindigar kuwa tsohuwar adaka ce doguwa, ta kakansa, da ita suka taso daga Tibiri. Ban taɓa jin ƙararta ba, amma ni nake goge ta da mai duk Juma'a. A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, malamai suna yajin aiki, makarantar lise a rufe, ɗana Alkasim yana zaune ba abin yi. Sai na bar masa gogar bindigar don ya riƙa fita daga ɗaki. Tun da uwarsa ta rasu mu biyu ne kawai a gidanmu na Sabon Gari, kuma shi ba mai yawan magana ba ne.

Abdulrazak, babban ɗan Alhaji, shi ya kawo maganar asurans, ganin yadda gari ya rikice, yau zanga-zanga gobe gobara. Ka riƙa biyan kamfani, in kayanka sun ƙone ko an sace su biya ka. Ma'aikacinsu, Musye Rashid, ya zo ya zagaya gidan ɗaki ɗaki. Da ya tsaya gaban bindigar ya ce wannan ta fi ƙarfin saninsa, zai dawo da wanda ya san tsofaffin kaya a yi mata kuɗi. Kafin ya dawo ta ɓace.

Aka kira shi ya zo. Ya ce kamfani ba ya biyan komai sai da takardar komisariya, ofishin 'yan sanda.

"To wa ke shiga ɗakin nan?" in ji Abdulrazak.

Idanu dai suka juyo kaina, ina tsaye da tsumman wanke mota a hannu.

Kafin azahar 'yan sanda sun ɗauki Alkasim. Bai yi gardama ba. Ya miƙo mini makullin ɗakinmu, ya ce, "Baba, akwai sauran tuwo a kwano, kar ka bari ya lalace."

Da la'asar na je wajen mai shayin layinmu, hira ta mutu ina zama. A masallaci wanda ke gefena ya matsa kaɗan, ba da yawa ba, amma na gani. Abin da ake faɗi ya zo kunnena ta bakin yara: 'yan lise ba karatu ba sana'a, an sha ganin Alkasim a miting ɗin 'yan siyasa, kuma yanzu Turawa suna sayen tsofaffin kaya da tsada. Alhaji ya ce mini shi ba ya zargin kowa, amma in bindiga ba ta fito ba, magana za ta wuce gaban mai shari'a. Na san daga can sai gidan kaso.

Washegari na tafi kara, kasuwar dabbobi, neman Gado mai bin sawu. Dattijo ne siriri, idonsa ɗaya ya fara fari. In an sace sa ko jaki shi ake kira. Na same shi shi kaɗai a gindin bishiyar bedi yana cin gyaɗa, ƙwarya a rataye a kafaɗarsa.

"Bindiga ba ta da kofato, Lawali," ya ce. "Mi zan bi?"

"Wanda ya ɗauke ta yana da ƙafa, Baba Gado."

"In na bi ƙafar ta kai ni ɗakinka fa?"

Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya miƙe.

"Na tambaya ne don ni ba na juya baya in na fara. Mu je."

A gidan Alhaji bai shiga falo ba tukuna. Ya tsaya yana kallon ƙasa a tsakar gida, ya sa na taka yashi, ya duƙa.

"Ɗanka ma haka yake jan dugadugin hagu?"

"Ban sani ba."

"Haka yake. Ga nashi nan kusa da naka. Ba don ka fi shi nauyi ba, da ban raba ku ba."

Shekara ashirin ina tare da yaron nan, ban taɓa kallon sawunsa ba.

Ya yi magana da Alhaji, ya yi da Abdulrazak, ya tambayi maigadi. Kowa ya ce bai ga baƙo ba, bai ga an fita da wani kaya ta babbar ƙofa ba. Muna zagayawa bayan gida Gado ya nuna wata ƙaramar ƙofa a rufe, kusa da rumbun gawayi.

"Wa ke wancan ɗakin?"

"Ba kowa," in ji Abdulrazak. "Gwaggo ce."

Gwaggo Tsahara ƙanwar mahaifin Alhaji ce. Mijinta ya rasu a Tibiri, 'ya'yanta ba wanda ya rayu, aka ɗauko ta aka ba ta ɗakin nan. Muka wuce.

A ƙofar baya, inda Rabi ke zubar da ruwan wanke-wanke, laka ta bushe da sawaye a jikinta. Gado ya tsuguna ya daɗe.

"Ƙananan silifas ɗin nan na wa ne?"

"Nawa ne mana," in ji Rabi daga bakin murhu. "Ko ni ma zan goya bindiga in kai Jibiya? Ka duba bayana da kyau, tsoho."

"Bayanki ba aikina ba ne, ƙafarki nake so." Ya sake duƙawa. "Kuna kiwon zabi a gidan nan?"

"Zabi? Alhaji ko kukan zakara ba ya so."

"To wata ta biyo nan. Kuma da ƙafa ɗaya take tafiya." Ya girgiza kai, ya sauke ƙwaryarsa ya kifa a kan sawun, ya ɗora dutse. "Kada a taɓa. Abin da ban gane ba, rufe shi nake har ya gane ni."

Daga nan sawun ya hau kan titi, kabu-kabu da amalanke sun tattake komai.

Muka je wajen wani dillalin tsofaffin kaya a Sabon Gari. Shagonsa cike da takubba da sirdi da tasoshin tagulla. Ya ce tun da kuɗi suka karye mutane ke fito da kayan kakanninsu, wasu da kuka suke kawowa. Adaka dai ba a kawo masa ba. Amma ya ji an kai wata tsohuwa Jiratawa wajen Ilyasu maƙeri a gyara, domin 'yan parti suna hayar mafarauta su riƙa buga bindiga a miting.

"Wa ya kai ta?" na tambaya.

"An ce wani saurayi ne dogo. Ɗan lise."

Hanyar Jiratawa ban san yadda na tuƙa ba. Gonakin albasa da alkama shar a gefen hanya, ruwa na gudu a magudanai, mutane na aiki suna kiran juna, ni kuwa addu'a biyu nake yi masu karo da juna. Allah Ya sa ita ce. Allah Ya sa ba ita ba ce. Gado yana kallon waje ta taga.

Ilyasu yana zuga wuta muka iso. Yana ganin Gado ya yi dariya.

"Jakin wa ya ɓace? Na rantse ban ƙera masa takalmi ba."

"Adaka muke nema, sarkin baƙin hannu."

Ya shiga ya fito da ita a naɗe cikin buhu. Doguwa, baƙa, tsohuwa, da zoben tagulla a wuya. Na karɓa, na ji nauyinta, na juya gindinta sama. Itace ne zalla, ya sha ƙasa.

"Wannan ba Zabuwa ba ce," na ce.

"Ta jikan sarkin baka ce," in ji Ilyasu. "Da kun tambaya da na hutar da ku."

Gado bai kula shi ba. Ni yake kallo da idonsa mai kyau.

"Mi ka kira ta?"

"Zabuwa. Sunanta ke nan a gidan."

"Don mi?"

"Gindinta an lulluɓe shi da farantin tagulla, an kafa shi da ƙusoshi dogaye a kwance, uku gaba ɗaya baya. In ka jingine ta a yashi sai ta bar sawu kamar na zabuwa. Alkasim kan ce—"

Ban ƙarasa ba. Gado ya riga ya nufi mota.

A hanya ya yi magana, kamar da kansa yake yi. "Na tambayi kowa ko ya ga an ɗauki bindiga a kafaɗa ko a ka. Ba ɗaukar ta aka yi ba. Dogara ta aka yi. Kuma ƙafar da na ce ta Rabi ce, Rabi ba ta taka ƙasa a hankali haka. Na yi gaggawa, Lawali, na sa ɗanka ya ƙara wuni a kulle."

Da muka koma gidan Alhaji ya ɗaga ƙwaryar, na duƙa na gani da idona. Yatsu uku gaba, ɗaya baya, a cikin wani zagaye mara zurfi. Ga wani can gaba, ga wani, duk a hannun dama na ƙananan silifas.

"Rabi, ina Gwaggo Tsahara?" in ji Gado.

"Gwaggo? Ai ta tafi Tibiri tun safiyar ranar da bindiga ta ɓace. Takan yi haka in gidan ya ishe ta."

"Kin faɗa wa wani?"

"Wa ya tambaye ni?"

"Da mi take tafiya?"

"Da sandarta mana. Ko ban-ɗaki ba ta zuwa sai da ita."

Gado ya tura ƙofar ɗakin. Tabarma, buta, ƙaramin akwati. A bayan ƙofa sanda tana jingine, hannunta ya yi sulɓi don riƙo.

A Tibiri wata mai ƙosai ta nuna mana tsohon gidansu. Katanga ta zube gefe guda, awakin maƙwabta na kwance a zaure. Ɗaki ɗaya ne ke da rufi. Gwaggo Tsahara na zaune a bakinsa, wani dogon abu naɗe da tsohon zane kwance a cinyarta, gindinsa na tagulla yana ƙyalli. Ba tukunya a wuta, ba kowa kusa.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Lawali direba? Maigidanka ya aiko ka? Koma ka ce mishi ban ba da ta."

"Ba shi ya aiko ni ba, Gwaggo. Alkasim ne. Yana komisariya."

"Wane Alkasim?"

"Ɗana. An ce shi ya sace ta."

Ta daɗe tana kallona.

"Yaron da ke zuwa ran Juma'a? Wanda in ya gama goge ta yake zagayowa ya gaishe ni, ya cika mini buta?" Ta dafa ƙasa. "Duk gidan nan shi ɗai ke ƙwanƙwasa ƙofata. Shi anka kama?"

"Shi, Gwaggo."

"Ɗaga ni."

Na miƙa hannu in karɓi bindigar, ta janye.

"Ni na fito da ita, ni za ni shiga da ita."

Da muka dawo Gado ya ce ta zauna cikin mota tukuna. Ya roƙi Alhaji a tara mutane a babban falo. Alhaji na kan kujera, Abdulrazak a gefensa, Musye Rashid da jakarsa a gwiwa, maigadi da Rabi a bakin ƙofa. Ni na zauna a ƙasa inda na saba.

"Kowa a nan an yi maganarsa a gari," in ji Gado. "An ce Musye ya ga kaya ya aiko a ɗauke. An ce Abdulrazak ya ɓoye ta don kamfani ya biya."

"Wa ya ce haka?" Abdulrazak ya miƙe.

"Zauna, ɗana, masu shayi ne, sun ce ni ma maye ne. An ce maigadi barci yake, wannan kam gaskiya ne. Amma mutum ɗaya ne aka kulle." Ya ɗora sandar a kan tebur. "Alhaji, ta wa ce wannan?"

Alhaji ya duba. "Kamar na san ta."

"Ina Gwaggonka?"

"Tana ɗakinta mana."

"Yaushe rabonka da ganinta?"

Alhaji ya buɗe baki, ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi ƙasa. Cikin shirun nan muka ji ƙara daga baranda, tagulla a kan siminti, ƙwas, sai jan silifas, ƙwas. Ta shigo a hankali, bindigar ta fi ta tsawo. Ta tsaya tsakiyar falo, ta warware zanen ya faɗi.

"Ga ɓarauniyar," ta ce. "Ta gaban maigadinka na bi da na zagayo titi, har sannu ya yi mini."

"Gwaggo!" Alhaji ya miƙe. "Don Allah mi ya sa?"

"Ina bayan taga wannan mai jakar ya ce za a zo a yi mata kuɗi. Da kunnena na ji. Abdulmutallib, ni na yi tallar fura a kasuwar Tibiri tun ba a haife ka ba. In anka yi wa akuya kuɗi, igiya ta rage a miƙa. Gonar baba kun saida, gidan ya zube, ita ɗai ta rage da hannunshi ya taɓa."

Musye Rashid ya ajiye jakarsa ya sauko daga kujera ya tsuguna.

"Iya, laifin bakina ne. Ba sayarwa ba ce. Ƙimarta za mu rubuta, don in ta ɓace kamfani ya biya Alhaji."

"In ta ɓace ku ba shi kuɗi, ku ce an gama?"

"Haka ne."

"To da na bari kun biya shi, da kun saye ta ke nan ba ku ko gan ta ba."

Ya yi ɗan murmushi. "Kusan haka. Amma Iya, wanda zan kawo zai tambayi shekarunta da wanda ya ƙera ta da inda ta je. Na tambayi gidan nan ba wanda ya sani."

"Wa ka tambaya?" ta ce. "Ka zo ɗakina. Yana bayan rumbun gawayi, in ba ka sani ba Rabi ta nuna ma." Ta juya ga Alhaji. "Kai kuma ba ni rataye ta sai yaron nan ya fito. Ina nan tsaye."

Ta ƙi zama. Abdulrazak ya ɗauki makullin ƙaramar mota ya fita da sauri, na bi shi. Gado yana bakin ƙofa yana rataya ƙwaryarsa. Na riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Je ka," ya ce. "Ni akwai raƙumin da ke jirana."

Alkasim ya fito yana riƙe da wandonsa, sun karɓe masa bel. Ya rame, idonsa ya faɗa. Abdulrazak ya ce ya shiga mota, ya ce a'a, zai taka. Muka taka tare har Sabon Gari. Mai shayi ya taso yana cewa ai shi tun farko ya san ƙarya ce. Alkasim bai dube shi ba.

Ya je ya gaida Gwaggo Tsahara, ta ƙofar baya ya shiga, ta nan ya fito. Ita da kanta ta sa shi ya rataye Zabuwa. Na ji daga baya Musye Rashid ya kawo mutumin nasa, sun wuni a ɗakinta tana ba su labari, kuma sun rubuta mata ƙima mai yawa. Ban tambayi nawa ba. Alhaji ya kira ni ya ce a yi haƙuri, abin ya zo da ƙaddara, yaro ya ci gaba da zuwa ran Juma'a.

Da na faɗa wa Alkasim, yana ninke rigunansa.

"Baba, kowa a layin nan ya ga an saka ni a mota. Ba kowa ne ya ga na fito ba. Kawuna na Kano ya ce in zo in koyi gyaran rediyo."

"Lise za a buɗe."

"In an buɗe ka aiko."

Na so in ce kada ka tafi, ni kaɗai zan rage. Na ce Allah Ya tsare. Ya hana ni raka shi tasha, wai kada in makara wajen aiki. Bayan sallar asuba, gari ya yi haske, ya ɗauki jakarsa ya durƙusa, na dafa kansa, ya fita.

Na ɗauki tsintsiya zan share tsakar gida kamar kullum. A bakin ƙofa, inda ruwan alwala ya jiƙa yashi, ga sawunsa ya nufi waje, dugadugin hagu ya ja ƙasa kaɗan. Na ajiye tsintsiyar. Na shiga ɗaki na ɗauko kwanon tuwonsa, na kifa a kai, na ɗora dutse.